Shekarar da Aka Ce In Saurari Layin Alhaji Bukar

Ranar da aka yi mini bikin ajiye aiki a Abuja kuna zaune a layin gaba, kun ji abin da mai gabatarwa ya faɗa. Wai ni mace ce da ba ta san tsoro ba, wai tun ina yarinya na tsaya gaban sojoji na kare sirrin talakawa. Aka yi ta tafi, ni ma na yi murmushi, don ba a ƙaryata mai yabonka a bainar jama'a. Amma ku 'ya'yana ne, ba zan bar ku da wannan labari ba. Ban taɓa tsayawa gaban soja ko ɗaya ba. Mutumin da na ce wa a'a farar kaftani ce a jikinsa, kuma a tsorace na faɗi a'ar. A Haɗeja abin ya faru, shekarar da kogi bai kawo ba.

A lokacin ina aikin haɗa waya a ofishin tarho na garin. Ku da kuka tashi da waya a aljihu sai na yi muku bayani. Gidajen da suke da tarho a Haɗeja ba su da yawa, kuma duk mai son magana da Kano ko Kaduna ko Ikko sai ya bi ta hannunmu. Wanda ba shi da tarho a gida ya zo ofis, ya faɗi lambar da yake so, ya shiga wani ɗan akurkin ɗaki mai ƙofar gilashi ya jira. Ni kuwa ina zaune gaban wani allo mai ramuka da ƙananan fitilu, da abin ji a kunnena, ina cusa igiyar wannan a ramin wancan. Akwai wani ɗan maɓalli a gefen hannun damana. In na danna shi ina jin duk abin da mutum biyu suke faɗa, su kuwa ba su sani ba. A makarantar koyon aiki an rantsar da mu cewa za mu shiga layi ne kawai mu tabbatar an haɗu, sannan mu fita. Malamin da ya koyar da mu yakan ce maganar da ke bin waya amana ce aka ba ka ka tsallakar da ita, kamar yadda mai kwalekwale ba ya kwance kayan wanda ya ɗauko.

Ni da mahaifinku baƙi ne a garin, daga kudancin Kaduna aiki ya kawo mu, shi yana koyarwa a sakandare, kowa na ce masa Malam Bulus. Muna haya a wani gida na mutanen gari, tare da mahaifiyarsa, Mama Saratu, wadda ta zo wankan jego ta zauna. Hannatu, ke kaɗai muke da ke, kina nono, ga ki da ciwon ƙirji, da sanyi ya ɗan taɓa ki sai numfashinki ya riƙa fito. Zamanmu da mutane lafiya lau. Da Sallah tuwo da nama har sai mun rasa kwanon juyewa, da Kirsimeti mu ma mu aika da shinkafa da cincin.

Shekarar nan ruwan sama ya yi ƙaranci, kuma kogin da ya saba malalowa ya cika fadamu tun daga bayan gari har Kirikasamma da Guri bai malalo ba. Mutane suka ce ba Allah kaɗai ya riƙe ruwan ba, an tare shi a madatsun da aka gina can sama. Shinkafar da aka shuka ana jiran ambaliya ta bushe a tsaye. Kwalekwale suka kife a kan busasshen laka. Masunta da na sani da ƙiba suka koma sayar da itace. A kasuwar kifi, inda da ba ka iya wucewa sai hayaƙin banda ya sa ka hawaye, sai ka ga tanderu a mace.

Alhaji Bukar dillalin kifi ne, mutumin Guri, amma yana da gida a Haɗeja. Dogo ne, baƙi, mai sanyin magana, rigarsa kullum da ƙanshin hayaƙi. Shi masunta da manoman fadama suka sa gaba a kan maganar ruwan. Kowace ranar kasuwa yakan zo ofishinmu ya gaishe ni da "Malama, ya ɗawainiya?", ya faɗi wata lamba ta Kano, ya shiga akurki. Bai taɓa faɗa mini sunan mai lambar ba, ni ma ban tambaya ba. Lambar dai ta zauna mini a ka saboda yawan haɗawa.

Wata safiya ogana, Malam Haladu, ya aiko in zo ofishinsa. Na tarar da baƙo a zaune, fari, siriri, da farar kaftani da hula zanna, yana ɓare gyaɗa yana tara ɓawon a tafin hannunsa don kada ya ɓata ɗakin. Ya ce sunansa Malam Isa. Har yau ban yarda sunansa ke nan ba. Bai faɗi inda yake aiki ba, ba kuma sai ya faɗa ba. Zamanin soja ne, kowa ya san 'yan farin kaya, kuma yadda Malam Haladu ya bar masa kujerarsa ya koma kan benci ya ishe ni bayani.

"Madam Rifkatu, ya maigida, Malam Bulus? Ya makaranta? Ya 'yar jaririya, ƙirjin nata ya yi sauƙi?"

Ban taɓa ganin mutumin nan ba. Na ce da sauƙi.

"Alhamdu lillahi. Wani ɗan taimako za ki yi wa ƙasa. Akwai wani Alhaji Bukar da ke zuwa nan. In kin haɗa shi, kada ki fita daga layin. Abin da kika ji ki riƙe, in na zo ki faɗa mini. Shi ke nan."

Na dubi Malam Haladu, shi kuwa ya ɗaga kai yana kallon fankar da ba ta juyawa. Na ce:

"Ranka ya daɗe, akwai takarda daga sama? An rantsar da mu kada mu saurari maganar mutane."

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro.

"Madam, irin wannan aiki ba a rubuta shi. Ki je ki yi tunani. Ranar kasuwa na nan tafe."

Da na koma gida ban iya cin abinci ba. Sai da mahaifinku ya dawo daga makaranta, muka zauna a tsakar gida, na faɗa musu da murya ƙasa-ƙasa saboda maƙwabta. Mahaifinku ba matsoraci ba ne, kada ku fassara shi haka. Mutum ne da ya ga yadda aka ɗauke wani malamin makarantarsu aka dawo da shi ba ya ji da kunne ɗaya.

"Maman Hannatu, mu baƙi ne a garin nan," in ji shi. "Ba mu da kawu a bariki, ba mu da ɗan'uwa a fada. In aka ɗauke ki wa zan je wurinsa? Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ki ba su abin banza. Ki ce farashin kifi yake yi, ki ce gaisuwa ce. Su gaji su bari."

Na ce masa kafin in san wanne ne banza ai sai na saurara. Kuma in na yi musu ƙarya suka gano, wanne ya fi? Ya ce to in ce layin ba kyau. Na ce sau nawa layi zai lalace a kan mutum ɗaya?

Mama Saratu tana gefe tana tsince wake a faifai, kamar ba ta ji. Ba ta yi boko ba, ba ta taɓa riƙe kan tarho ba, tsoronsa ma take ji. Sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Rifkatu, wannan abin naku, in Fasto ya zo yin magana shi ma ana iya jin sa?"

Na ce ana iya ji.

"In ni na zo zan gaya wa 'yar'uwata ciwon da ke damuna fa?"

Na ce duk ɗaya ne, Mama.

"To. Yau mai kifi ne. Wanda ya saba leƙa tukunyar wani ba ya tsayawa a ɗaya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kunne ma haka."

Mahaifinku ya ce, "Mama, ba ke za a kulle ba." Ta ce ta sani, shi ya sa ba ta ce a yi ko a bari ba, tambaya kawai ta yi. Haka muka tashi ba matsaya. Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Ina ba ki nono, Hannatu, ina kallon ƙofar gida. Ƙarar mota in ta tsaya a lungunmu sai in miƙe in leƙa. Na yi addu'a Alhaji Bukar ya yi tafiya, ko ya yi zazzaɓi, ko iska ta kayar da turakun waya tsakaninmu da Kano. Na yi tunanin in aika masa a ɓoye kada ya zo, sai na ga in na yi haka na shiga rigimar da ba tawa ba, kuma ɗan aiken ma ban san na wa ba ne. Na yi tunanin in kwanta ciwon ƙarya. To wata ranar kasuwar fa?

Ranar ta zo, Alhaji Bukar ya zo lafiyarsa ƙalau. Ta taga ina hango Malam Isa zaune a benci ƙarƙashin dalbejiya, wurin mai shayi. Alhaji ya gaishe ni, ya faɗi lambarsa, ya shiga akurki. Na nemi Kano, Kano ta ba ni, na ji an ɗauka can, na ji Alhaji ya yi sallama. Yatsana yana kan maɓallin. Ba zan ce muku wani ƙarfin zuciya ya sauko mini ba. Abin da na sani shi ne na dube shi ta gilashi, ya juya baya, ya kare bakinsa da tafin hannu kamar mai raɗa, wai don kada na waje su ji. Ni da nake cikin kunnensa bai kare kansa daga gare ni ba, domin bai taɓa kawowa a ransa ba. Sai na saki maɓallin. Na zauna ina kallon 'yar fitilar layinsa tana ci har ta mutu.

Bayan ya tafi Malam Isa ya shigo, ya jingina da kantar da ke gabana.

"To, Madam?"

"Ban ji komai ba, ranka ya daɗe."

"Layin ne ba kyau?"

Ƙofa ce ya buɗe mini, na gane, kuma Allah ya sani na so in bi ta cikinta. Amma na san in na bi, mako mai zuwa zai dawo, da na bayansa, har ranar da zan gaji in danna. Na ji bakina yana cewa:

"Layin lafiya lau yake. Ni ce ban saurara ba. In an kawo takarda daga alƙali ko daga hedikwata, a ba ogana, sai in san abin yi."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Allah ya ba jaririya lafiya," ya fita. Na shiga bayan gida na amayar da ɗan kunun da na sha.

Daga nan sai shiru, kuma shirun ya fi komai wuya. Ba a kira ni ba, ba a ba ni takardar tuhuma ba. Malam Haladu ya daina haɗa ido da ni. Aka canza mini lokacin aiki, ranar kasuwa ba ni ce a kan allo ba. Mahaifinku ya rame. Ya riƙa dawowa gida tsakiyar darasi wai ya manta alli, alhali zuwa yake ya ga ko ina nan. Mama Saratu ta ɗaure mini 'yan kaya a ɗankwali, zane da sabulu da Littafi Mai Tsarki, ta ajiye bayan ƙofa, ba ta ce mini na mene ne ba, ni ma ban tambaya ba.

Ba ni aka ɗauka ba. Alhaji Bukar aka ɗauka, a hanyarsa ta dawowa daga Guri, aka tare motar aka sauke shi, ba wanda ya san inda aka kai shi. Ko wani ne ya saurari layinsa bayan an ɗauke ni daga kai, ko cikin mutanensa ne aka samu mai kai rahoto, ban sani ba, kuma ba zan ɗora wa kowa abin da ban gani ba. Amma gari ya riga ya yanke hukunci. Wa ke haɗa masa waya? Matar nan ta ofishin tarho, matar malamin nan, baƙuwar nan. An ga ɗan farin kaya yana jingine a kantarta suna magana. Na je kasuwa sayen kifi, matar da kullum take ƙara mini gyara ta rufe tirenta da buhu ta ce ya ƙare. Na yi sallama a gidan mai gidanmu, aka amsa daga ɗaki ba a fito ba. Yaran da ke zuwa ɗaukar ki, Hannatu, aka hana su. Gaba kura, baya sayaki. Hukuma ta ɗauke ni mai taurin kai, gari ya ɗauke ni munafuka, kuma ba ni da bakin wanke kaina, don in na ce an nemi in saurara na ƙi, na tona abin da zai sa a zo a ɗauke ni da gaske.

Wata rana da azahar, ofis ba kowa sai ni, wata dattijuwa ta shigo lulluɓe da mayafi, da tsagen Barebari a kumatunta. Ba ta zauna ba. Ta ce ita ce Hajiya Yagana, uwargidan Alhaji Bukar.

"Ke ce Rifkatu?"

"Ni ce, Hajiya. Sannu da zuwa."

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. An ce ke kika sayar da shi."

"Hajiya, ban taɓa jin kalma ɗaya daga maganarsa ba bayan sallama. Allah ne shaidata."

Ta dube ni, idanunta sun yi ja, na wadda ta daɗe ba ta yi barci ba.

"To in ba ke ba ce, ki ba ni lambar da yake kira. Na san akwai wani mutum a Kano da ya ce in wani abu ya faru shi zai tsaya masa. Bai faɗa mini sunansa ba, wai don ya kare ni. Mun je bariki, mun je wurin 'yan sanda, kowa ya ce bai san zancen ba. Yana da ciwon suga, 'yata. Ba a tafi da maganinsa ba."

Lambar tana kan harshena. Ba abin da ya fi sauƙi kamar in faɗa, in wanke kaina a wurinta da wurin gari gaba ɗaya. Amma lambar ba tawa ba ce. Mai ita bai san ni ba, bai ce a bayar ba, kuma wa ya san wanda zai bi Hajiya a baya in ta fita da ita a hannu? Wanda ya ɓoye sunan ga matarsa yana da dalili. In na hana ɗan farin kaya na ba ta, to ashe ba amana nake riƙo ba, zaɓen wanda nake so kawai nake yi. In kuma na hana ta, mutum zai iya mutuwa a ɗaure. Na ce:

"Hajiya, ba zan ba ki lambar ba. Amma ki shiga ɗakin can ki jira. Zan kira shi in tambaye shi ko ya yarda ya yi magana da ke. In ya ce e, in haɗa ku. In ya ce a'a, sai ki yafe mini."

Ta yi kamar za ta zage ni, sai ta juya ta shiga. Na nemi Kano. Wani namiji ya ɗauka. Na ce daga Haɗeja ne, ga matar Alhaji Bukar tana neman magana da mai wannan layi, ban ba ta lamba ba, ban san sunansa ba, ya yarda in haɗa? Sai ya ce:

"Wa ke kan layin bayan ke?"

Na ce a nan Haɗeja ba kowa, abin da ke gaba ban sani ba.

"Haɗa mu."

Na haɗa su. Na cire abin jin daga kunnena, na ɗaga shi sama yadda Hajiya za ta gani ta gilashi, na ajiye a kan tebur, na naɗe hannuwana. Ta daɗe tana magana. Da ta fito ba ta yi mini godiya ba, ta dai tsaya bakin ƙofa ta ce, "Allah ya fid da mai gaskiya," ta tafi.

Ba a rufa mako biyu ba takardar canjin wurin aiki ta zo. An tura ni wani ƙaramin ofishi can kan tsaunukan Mambila, bakin iyakar Kamaru, in kama aiki nan take. Malam Haladu ya miƙo mini ita da hannu biyu, ya ce da murya ƙasa, "Madam, ki gode wa Allah takarda ce. Da farko ba takarda aka yi niyya ba." Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Yana da 'ya'ya, shi ma.

A gida aka yi rigimar da ba a taɓa yi ba. Mahaifinku ya ce in ajiye aikin. Na ce in na ajiye na zauna a Haɗeja ina hannunsu, ba ma'aikatar da za ta tambayi inda nake, kuma gari zai ce kunya ce ta kore ni. Ya ce to in tafi da ke, Hannatu. Muka kai ki asibiti, likita ya saurari ƙirjinki ya ce sanyin Mambila da hazonta ba na irin wannan yarinya ba ne, ga shi asibiti na nesa, hanya kuwa da damina sai a yi kwanaki mota ba ta hau ba. Shi kuma mahaifinku ba a ba shi canji ba, ya nema an hana. Mama Saratu ce ta raba gardamar.

"Ku bar mini ita. Na yaye bakwai, wannan ba za ta gagare ni ba. Ke kuma ki tafi tun suna cewa tafi."

Aka shafa mini maɗaci a nono. Kika kama kika saki, kika dube ni, kika tsala ihu. A tasha mahaifinku bai yi mini magana ba sai da direba ya tayar da mota, sannan ya leƙo ta taga ya ce, "Ki riƙa rufe ƙirjinki, an ce garin da sanyi." Har muka wuce Potiskum gaban rigata a jiƙe yake.

A Mambila ne na san abin da na ƙi yi wa Alhaji Bukar. In na samu layi nakan nemi Haɗeja, a aika a kira mahaifinku, ya zo ya shiga akurkin nan. Ni da na san aikin, ina jin ɗan ƙaran da maɓalli ke yi in an danna shi, wani lokaci har numfashin mutum na uku. Sai in ce, "Ya gida?" ya ce, "Lafiya." "Ya yarinya?" "Lafiya." "An yi ruwa?" "An ɗan yi." Mu yi shiru, ni da mijina, da magana cike da bakinmu, har lokaci ya ƙare. Ban iya ce masa ina kewarsa ba. Bai iya ce mini ya huce ba. Ba laifin da muke ƙullawa, amma sanin akwai kunne ya mai da mu baƙin juna. A nan na fara karatun lauya ta hanyar wasiƙa, da fitilar ƙwai da bargo a kafaɗa, ba don ina hangen wani muƙami ba, sai don ina so in san ko akwai inda aka rubuta cewa abin da ake mana bai halatta ba. Sauran kun sani: komawata Kaduna, shigata ofishin da ke sa ido kan kamfanonin waya, shekarun da muka yi muna ja-in-ja kafin a yarda cewa ba a sauraren layin mutum sai da izinin alƙali, ba a kuma miƙa bayanansa ga wani sai da saninsa, har zuwa kujerar da na sauka daga kai. Duk lokacin da wani babba ya ce mini irin wannan aiki a yi shi da baki kawai, nakan ce a rubuto. Da yawa ba sa dawowa.

Alhaji Bukar ya fito bayan damina. Mutumin Kano lauya ne, shi ya bi sawu har ya gano inda ake tsare da shi, ya kai masa magani. Ya fito ya rasa ido ɗaya saboda sugan. An ce ya faɗa a kasuwa cewa ba ni ba ce, amma magana in ta riga ta bazu ba a tattara ta duka. Har yau in kun je Haɗeja za ku iya samun tsohon da zai ce muku wata Kirista ce a gidan waya ta ba da shi. Kada ku yi masa musu da zafi. Shi ma abin da ya ji yake faɗa.

Sai da aka yi damina biyu kafin in samu hutu in zo gida. Na sauka da yamma, da buhun dankali da ganyen shayi, da 'yar rigar sanyi da na saƙa miki da hannuna, ina ta auna girmanki a raina. Kogi ya kawo a shekarar, tun daga gada ake jin ƙanshin banda. Na yi sallama. Kina tsakar gida kina wasa da murfin kwano, kin yi tsawo, an yi miki kitso. Na durƙusa na buɗe hannuwa na kira sunanki. Kika tashi da gudu kika ɓuya bayan zanen Mama Saratu, kina leƙena da ido ɗaya.

"Je ki mana," in ji Mama. "Wace ce wannan?"

Kika sa yatsa a baki. Sannan kika ce:

"Anti, sannu da zuwa."

Rigar ma ta yi miki kaɗan. Hannatu, kin sha tambayata me ya sa ba ki da hoto ko ɗaya a bayana kamar ƙannenki, ni kuma in ce aiki ne. Aikin ke nan. An ba ni lambobin yabo a kansa, suna nan a falo kina gani. Ni na ce a'a, ke kika biya, kuma ba wanda ya tambaye ki.